Allon da ke Cikin Akwatin Sola: Wa Zai Haɗa wa Wasagu Nata?

Duk wani kayan lantarki da ke aiki a Wasagu a yau, daga ƙaramar wayar da manomi yake sawa a aljihu zuwa kwantirolar da ke tsakanin farantin sola da batir a rumfar mai cajin waya, in aka kwance shi abu guda za a tarar a ciki: wani siririn allo, galibi kore, da hanyoyin jan ƙarfe zane a jikinsa, an liƙa masa ƙananan kayayyaki da dalma, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Masu gyara fanel suke ce masa. Shi ke karɓar wuta, ya rage ta ko ya ƙara, ya yanke ta in batir ya cika, ya ƙidaya ta in a cikin mita yake. Ranar da ya mutu kayan sun mutu, ko da kwanon sabo ne fil. Kusan dukkan waɗannan alluna daga ƙasar Sin suka taso, suka sauka Legas, suka bi ta Alaba ko Anaca ko Kano kafin su iso ƙasar Zuru, kuma wanda ya zana su bai san zafin watan Afrilu a Kebbi ba, bai san ƙurar hunturu ba, balle tsawar farkon damina. Ra'ayina shi ne Arewa ta daina mafarkin ƙera wayar salula mai sunanta, ta nemi abin da ya fi wannan ƙanƙanta ya kuma fi shi amfani: ƙananan masana'antu masu haɗa allo a kan kwangila, ga duk wanda ya zo da zanensa, ko guda ɗari yake so ko dubu biyu. Ribar da gari kamar Wasagu zai samu a nan ba ta araha ba ce. Ta gyara ce.

Wasagu tana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu mai hedikwata a Ribah, ɗaya daga cikin huɗun da suka haɗu suka yi Masarautar Zuru, sauran su ne Zuru da Fakai da Sakaba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 260,000, a warwatse cikin garuruwa irin su Bena da Maga da Kanya da Waje da ƙauyuka masu ɗimbin yawa, akasari manoman dawa da masara da wake. A takarda yankin yana hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna, mai riƙe da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Tafkin madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ya taɓo har ƙasar Yawuri a Kebbin nan, amma mutumin ƙauye ya fi sanin ƙarar janareto da hasken cocila. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, kuma ba a Legas ko Abuja yawancinsu suke ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, janareto ya koma na masu hali, sola ta cike gurbi: firjin allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, famfon burtsatse, lasifikar masallaci da ta coci, fitilar ɗakin haihuwa, na'urar POS a kasuwa. Kowanne da allonsa, wasu da biyu.

A dubi abin da ke faruwa a teburin mai gyara. An kawo masa kwantirolar da ta daina caji bayan ruwan daren jiya mai tsawa. Ya cire murfi ya kai hanci, ƙaurin ƙuna ya ba shi rabin labari. Ya ɗauko mitarsa ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar taransista biyu sun fashe, kafasita guda ta kumbura ta zubar da ruwanta. Waɗannan zai iya sauyawa, in yana da su a gwangwani ko zai iya ɓamɓaro su daga wani mataccen allo. Amma a tsakiya akwai ayisi guda wadda masu ƙerawa suka goge lambarta da gangan, ko suka binne ta cikin baƙin danƙo, umarnin da ke cikinta kuma a kulle yake. Babu zane, babu wanda za a kira, sunan da ke jikin kwalin ma mai yiwuwa ba kamfanin da ke amsa shi. Wani lokaci an buga MPPT a murfi alhali abin da ke ciki tsohon salon PWM ne, mai zubar da wani kaso na wutar da farantin ya kamo. Kafasitar da ta kumbura irin mai iyakar digiri 85 ce, ba mai 105 ba, tazarar kuɗinsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma kowane injiniya ya san ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanan irin wannan kafasita gida biyu. A lissafa wannan da ɗakin kwano a bazara, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40. Ƙarshenta mai gyara ya miƙa wa mai kaya kayansa ya ce, "Fanel ya tafi, sai dai sabo." Mai kaya ya jira ranar kasuwa ko ya ba da saƙo Zuru ko Kontagora, a sayo masa irin wancan, wanda zai yi irin mutuwar wancan. Labarin yadda allon ya mutu kuwa ba zai taɓa isa kunnen wanda ya zana shi ba, don haka ba za a taɓa gyara zanen ba. Wannan ita ce asarar da ba ta shiga lissafin kowa.

Sana'ar allon lantarki hawa uku ce, kuma cakuɗa su ne yake sa 'yan siyasa su yi alkawarin abin da ba zai yiwu ba, masu suka kuma su yi watsi da abin da zai yiwu. Hawan ƙoli shi ne ƙera ayisi kanta daga silikon. Wannan aikin kamfanoni ƙalilan ne a duniya, irin su TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu, masana'anta ɗaya ta zamani tana lashe dala biliyan 10 zuwa 20, kuma ba zancen Najeriya ba ne a wannan zamani. Hawa na biyu shi ne ƙera allon tsurarsa: a ɗauko farantin zaren gilashi da aka lulluɓe da jan ƙarfe, a buga masa zane, a tsoma shi cikin sinadarin da zai cinye jan ƙarfen da ba a so, a huhhuda shi, a shafa masa koren nan. Yana son ruwa mai yawa da sinadarai da wurin tace dagwalo, kuma fiye da rabin allunan duniya Sin ce ke yin su. Hawa na uku shi ne ɗora kaya a kan allon. Ana shimfiɗa masa wani siririn farantin ƙarfe mai ramuka, a goga kullun dalma ya shiga ramukan, sai inji mai tsotsa da iska ya riƙa tsinto kayan daga naɗinsu yana ajiye kowanne a gurbinsa, dubbai cikin awa guda. Daga nan allon ya ratsa tanda mai zafin da ke kaiwa wajen digiri 245, dalmar ta narke ta kama. Manyan kaya irin su taransifoma da wurin ɗaura waya da hannu ake sa su. A loda umarni, a gwada, a sa cikin kwano. Injinan ƙaramin layi irin wannan dubban daloli ne kuɗinsu, in sun yi tsada dubban goma-goma, kuma babban ɗaki guda ya ishe su.

Abin da ya mai da hawa na ukun sana'a mai cin gashin kanta shi ne mai injin ba sai ya mallaki abin da yake haɗawa ba. Mai injin niƙa a Bena ba ya tambayar gonar wa hatsin ya fito. Ya niƙa wa wannan masara, ya niƙa wa waccan dawa, kuma saboda yana nan babu mai sayen inji don tuwon gidansa kaɗai. Haka duniyar lantarki take tafiya tun shekaru da dama. Apple ba ya haɗa iPhone da kansa, yawancinta Foxconn ke haɗa masa, kamfanin Taiwan da Terry Gou ya kafa a 1974. Ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi a Sin aka fara haɗa ta, a 2012 aka mayar da aikin masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales na Birtaniya, a kan kwangila. Misalin da ya fi kusa da mu na Nairobi ne, inda Gearbox Europlacer, haɗin gwiwar wata cibiyar ƙere-ƙere ta Kenya da kamfani mai ƙera injinan ɗora kaya, take haɗa alluna ga masu zane na Gabashin Afirka, har ta karɓi aikin haɗa Raspberry Pi Pico don kasuwar nahiyar. Mai zane yana aika fayil da jerin kayan da ake so, ya biya kuɗin saiti da kuɗin kowane allo, ya karɓi kayansa. Ba ya sayen inji, ba ya ɗaukar ma'aikata arba'in.

Najeriya ba a sifili take ba. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, tana da cibiyar bunƙasa kayan lantarki a Awka da ke aikin alluna, tana kuma da masana'antar farantin sola a Karshi kusa da Abuja. Kamfanonin mita irin su Mojec da Momas suna haɗa mita a Kudu maso Yamma. A 2017 AfriOne ya buɗe wurin haɗa waya a Legas. Sai dai a lura da abu biyu: kusan duka a Kudu suke, kuma yawancinsu kayan kansu suke haɗawa, ba na kowa ba. A Arewa akwai hannu, babu layi. Kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano cike suke da samarin da ke ɗaga ayisi da iska mai zafi su mayar da ita a ƙarƙashin madubi, aikin da ya fi na ma'aikacin layi wuya. Kasuwar Panteka a Kaduna ta daɗe tana ƙera abin da aka ce ba a iya ƙerawa. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi suna yaye ɗaliban da aikinsu na ƙarshe inbata ce ko kwantirola. Wanda ya fi himma a cikinsu yakan aika zanensa kamfanin JLCPCB a Shenzhen, inda ake buga ƙananan alluna biyar a kan dala 2, kuɗin aike ya ninka na allon sau da yawa. Ya haɗa guda biyar da hannu, ya nuna wa malamai, ya karɓi sakamako. Daga biyar zuwa ɗari biyar babu gada, kuma a nan ne zanen yake mutuwa cikin durowa.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce mafi nauyi: ba wanda zai kayar da Sin a farashi. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya musa bai san Shenzhen ba, inda mai allo da mai kafasita da mai kwano da mai kwali suke cikin tafiyar awa guda da juna. A kan cajar waya da cocila da rediyo da wayar salula, kayan da ake bugawa miliyan-miliyan, a haƙura kawai. Amma lissafi yana sauyawa in ana maganar guda ɗari uku na kwantirolar famfon burtsatse. Ƙaramin oda yana biyan kuɗin jirgin sama, yana biyan kwastam, yana jiran makonni, kuma in aka tarar da kuskure a zanen sai a sake zagayen daga farko. Dala da ake saye a wajen naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, wanda ya ba da oda a tsakani ya ga yadda jarinsa ya narke kafin kaya su iso. Sannan farashin da ke jikin kwali ba shi ne farashin gaskiya ba. Kwantirola mai arha da ake sauyawa kowace damina ta fi mai tsada da ake gyarawa cin kuɗi, araha ba ta ado. Wannan ma ba a lissafa kwanakin da famfo ya yi a tsaye mata suna komawa rafi ba, ko allurar rigakafin da ta lalace don firji ya kwana uku babu wuta. Ma'aunin da ya dace da Wasagu shi ne kwana nawa kaya ke yi a mace kafin su tashi.

Suka ta biyu ta fi ta farko ɗaci don tarihi yana bayanta. Masu ita suna cewa wannan ɗaurin noti ne kawai: ayisi daga waje, kafasita daga waje, allon ma daga waje, dalar da ake son tsarewa tana fita ta wata ƙofar. Suna nuna Peugeot na Kaduna da ya fara haɗa mota a 1975, da masana'antar haɗa manyan motocin Fiat a Kano, waɗanda suka durƙushe bayan tsarin SAP na 1986 ya karya naira, sassan da ake shigowa da su suka gagari saye. Suna nuna Mara Phones, wanda ya buɗe masana'antun waya a Kigali da Durban a 2019 da kiɗa da kirari, kafin shekara uku ta cika ta Durban ta tsaya. Darasin gaskiya ne, amma ba shi suke zato ba. Waɗancan duka masana'antu ne na kaya guda: zane guda, ubangida guda, kasuwa guda. Peugeot zanen Faransa yake haɗawa, injiniyan Kaduna ba shi da ikon sauya ko ƙusa. Mara kuwa ya shiga kokawa da Tecno da itel a filin da suka fi kowa sani. Masana'antar kwangila tana da iyayen gida ashirin, in ɗaya ya faɗi sha tara suna nan, kuma zanen na 'yan gida ne, wanda shi ne inda daraja take. Mai zane a Zariya da ya ji cewa tsawa tana kashe allonsa a ƙasar Zuru zai iya ƙara kariya a zubi na gaba cikin wata guda. Ban da haka, ba komai ne sai an shigo da shi ba. Masu naɗin taransifoma suna nan a Kano da Kaduna, masana'antun roba na Sharada a Kano suna iya zuba kwano, wayar wuta ta Najeriya irin ta Cutix a Nnewi ta yi suna wajen inganci. Indiya ma da haka ta faro: ta fara sa haraji kan caja da batir da aka gama a waje, a 2018 ta sa kan allon waya da aka riga aka ɗora wa kaya, yau tana haɗa kusan dukkan wayoyin da take sayarwa har tana fitar da iPhone, alhali har yanzu ayisinta daga waje take sayowa.

Sai batun wuta da ƙura da tsaro, kuma a nan dole a faɗi abin da ba zai yi wa ɗan Wasagu daɗi ba: ba a Wasagu za a kafa layin ba. Tandar dalma ba ta yafe ɗaukewar wuta; in ta mutu da alluna a cikinta, sun tashi aiki. Kullun dalma sai a firji. Busasshiyar iskar hunturu, wadda ke sa mayafi ya yi tartsatsi da dare, tana tara wa jikin ma'aikaci wutar da za ta kashe ayisi ba tare da ya ji komai ba, don haka sai an jiƙa iskar ɗakin, an sa wa kowa abin hannu mai saukar da ita ƙasa. Duk wannan abu ne mai yiwuwa a Kano ko Kaduna da sola da batir na masana'antar kanta, kuma dole ta tanadi nata, domin a Oktoban 2024 lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A Danko/Wasagu kuwa, mai iyaka da dazukan Zamfara, inda 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, suka kashe sojoji a Kanya a Maris 2022, suka sace 'yan mata daga makarantar Maga a Nuwamban 2025, babu mai hankalin da zai kai injin dala dubu hamsin. Amma wannan halin da kansa hujja ce ta gyara a gida. Inda hanya take da haɗari, inda tafiya Kontagora ta Rijau ko fita ta Dabai zuwa Koko take cin wuni da kuɗi da fargaba, kayan da mai gyaran gari zai iya tayarwa da allon da ke cikin jakarsa sun fi kowane kaya daraja. Rabon Wasagu a sarƙar shi ne ƙarshenta: haɗa allo cikin kwano, kafawa, gwaji, gyara, da kuma mayar da labari ga mai zane.

Inji ba ya tsayawa don rashin gwani, rashin oda ke tsayar da shi. Masana'antar da za ta yi aiki kwana huɗu a wata ba za ta biya albashi ba, kuma ɗaliban jami'a da 'yan kasuwar sola ba za su cika mata layi a shekarun farko ba. Mai manyan oda a wannan fage gwamnati ce da masu ba ta bashi. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara take gudanarwa da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Kowace ƙaramar tashar sola a shirin tana bukatar mita a kowane gida. Jihohi suna sayen fitilun titi da famfunan sola kowace shekara, 'yan majalisa ma haka, kuma kowa ya san yadda sandunan suke tsayawa a mace bayan damina biyu. Doka ta riga ta wanzu: umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce hukumomi su fifita kayan gida. Matsalar ita ce gwamnati ba ta tsayawa kan magana guda. An sa harajin kashi 35 cikin ɗari kan mitar da aka gama haɗawa a waje don a kare masu haɗawa a gida, a 2020 aka jingine shi na shekara guda don a gaggauta raba mita. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma mai son sayen inji abin da ya koya shi ne kada ya yarda da takardar Abuja. Kebbi ta san wannan darasi da kanta. Yarjejeniyar shinkafa ta Lake Rice da ta ƙulla da Legas a 2016 ta nuna yadda tabbacin mai saye ke tayar da masana'anta, dusashewarta kuma ta nuna yadda sauyin gwamnati ke kwantar da ita. Don haka ba masana'antar gwamnati ake nema ba, wadda za a buɗe da almakashi a rufe da kwaɗo. Oda ake nema, ta shekara uku ko biyar, a rubuce, wadda banki zai karɓa ya ba da bashi a kanta.

Akwai wata suka da masu goyon baya ba su cika son ji ba, ita ce ta guba. Dalmar liƙi ta gargajiya kusan kashi 40 cikin ɗarinta gubar dalma ce, sinadarin da ke cin jan ƙarfe kuma in aka zubar da shi a kwata yana bin ruwa. Wannan yanki ya san dalma fiye da kowa: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabta na kusa, ƙurar dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara aƙalla 400 kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su shawo kan lamarin. Wannan dalili ne na barin hawa na biyu ga wuri ɗaya ko biyu da za a iya sa wa ido, a ci gaba da sayo allon tsurarsa har sai an sami mai iya tace ruwansa. Dalili ne kuma na sharɗanta dalma marar guba a layin, kamar yadda Tarayyar Turai ta wajabta tun 2006, da koya wa mai gyara ya daina riƙe wayar dalma a baki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Gubar dai tana shigowa ko da masana'anta ko babu, cikin kowane allon da ya mutu aka jefar a bola yara suna wasa da shi. Allon da aka gyara sau uku ya hana uku zuwa bolar.

Abin da ya rage shi ne yarda. Mai saye a kasuwar Ribah ya sha ƙonuwa da inbatar da wani ya haɗa a shago ba fiyus ba kariya, don haka in ya ji an ce "ɗan gida ne" sai ya ja da baya, kuma ba laifinsa ba ne. Yarda ba ta zuwa da kishin ƙasa, da gwaji take zuwa. Akwai ma'aunin duniya na duba ingancin liƙi, IPC-A-610, wanda ake koyarwa cikin kwanaki ana ba da shaida. Akwai tambarin MANCAP na hukumar SON ga kayan gida. Kowane allo ya fito da lambarsa, da ranar da aka haɗa shi, da lambar wayar da ake ɗagawa. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ta riga ta buɗe hanyar ba masu sana'ar hannu takardar shaida kan abin da suka iya, kuma Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da dalilin shiga, tunda famfon ban ruwa da na'urar busar da amfanin gona da injin ƙyanƙyasar ƙwai duk allo ke tafiyar da su. Gwamnatin Kebbi ba sai ta jira Abuja ba. A kwangilar famfunan sola ta gaba za ta iya rubuta sharuɗɗa kaɗan: a haɗa allon kwantirola a Najeriya, ɗan kwangila ya miƙa zanensa da jerin kayansa ga ma'aikatar ruwa, kada a goge lambar kowace ayisi, a ajiye allo ɗaya na canji kan kowane famfo goma a Ribah da Wasagu da Bena, a horar da masu gyara biyu a kowace gunduma, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai famfon ya ga damina biyu yana aiki. Ɗan kwangilar da ya saba sayo kwali a Alaba zai ce sharuɗɗan sun yi tsauri, zai kuma ƙara farashi. Ma'aikatar sai ta ɗauko jerin famfunan da ta kafa a ƙasar Zuru cikin shekara goma da suka wuce, ta aika a ƙirga nawa ne ke ba da ruwa, ta kwatanta da ƙarin da yake nema.